Akwatin da Aka Liƙe a Bakin Rijiya

Wata da watanni Injiniya ya yi yana fama da na'urar nan. 'Yar aba ce kamar tafin hannu. Aikinta ta farka lokaci-lokaci, ta auna ruwan tsohuwar rijiyar da ke lambun bayan gidansu, ta adana sakamakon a katin ajiya, ta koma barci don batir ya kai shekara. Raɓa ta kashe ta farko, tururuwa suka lalata ta biyu. Wannan karon a akwatin roba ya sa ta, ya bar shi buɗe a bakin rijiya yana gwaji har rana ta yi sanyi, sannan ya bi kowace kafa da gam ya liƙe, ya rataye shi a bakin rijiyar.

Da magariba yana wanke hannu a tsakar gida, matarsa na zolayarsa: "Yau dai batir ya ara mana kai?"

Bai kai ga amsawa ba dutse ya dira a kan rufi. Wani ya tarwatsa tagar ɗakin aikinsa, wani ya sami matar a kafaɗa, ta durƙushe tana salati. Duwatsun jiƙe suke, da gansakuka a jikinsu, kuma babu kowa a bayan katanga.

Jifan ya tsaya. Sai ga Auta, 'yarsu da ke shirin gama sakandare, ta fito daga ɗakin aiki da ƙarfen soda, na liƙa wayoyi, a hannu, jajir kamar garwashi, alhali ba a jona shi da lantarki ba.

"Auta, ajiye wannan."

Ta manna masa a kumatu. Ya ji ƙaurin namansa kafin ya ji zafin. Ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta maka da bango, haƙarƙarinsa ya ce ƙas. Da ƙyar maƙwabta suka danne ta, tana cizo tana gurnani.

Duhu bai gama rufewa ba ƙanin matar ya zo da wani Malam mai ruƙiyya. Malam ya zauna ya fara karatu a kunnen yarinyar. Ta banƙare, ta kwarara ihu da muryar tsohuwar mace.

"Wace ce ke?"

"Ta cikin rijiya. Ɗana na cikin akwatin mutumin nan! Ɗumi ya ji ya shiga ya kwanta, wannan ya toshe ko'ina. Ina jin kukansa yana ƙarewa."

"Za a buɗe, ki fita."

"Sai an ba ni hannun da ya liƙe."

"Shi kuskure ya yi, ke da gangan. Kin ƙona, kin karya, me ya saura?" Malam ya ɗaga murya da karatu. Ta yi ta buga kai da ƙasa har goshin Auta ya fashe.

"Na yarda! A buɗe, kuma kada a sake rataya komai a ƙofata."

Injiniya ya ja jiki zuwa lambu, dafe da haƙarƙari, ya fizgo akwatin. Ya kawo shi gaban Auta, ya sa wuƙa ya farke gam ɗin, har da wayoyin, bai damu ba. Wata iska mai sanyi ta bi ta tsakanin yatsunsa. Muryar ta yi ƙasa, tana lallashi kamar kowace uwa. Sai Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Da ta buɗe ido, fuskar ubanta ta fara gani. Ta zabura.

"Baba! Wa ya yi maka wannan?"

Ya dubi matarsa, ya dubi Malam, sannan ya goge mata jinin goshi da hannun rigarsa.

"Garin aiki ne, Auta. Kin san ubanki da ganganci."