Furotin Mai Kwaɗayin Sarƙa

Ran wata Laraba da hantsi aka ƙera wani furotin a cikin ƙwayar halitta, ƙanƙanin garin nan da ke cikin jikin mutum. A garin, kowane furotin da alamarsa, kuma alamar kaɗai masu dako ke dubawa su kai shi wurin aikinsa. Tasa alamar 'yar guntuwa ce, ta masu gadin ƙofa.

Ya ce, "Ni da gadi? Kamar ni?"

Can sai ya hangi wani tsohon furotin da doguwar sarƙa a wuya, masu dako na biye da shi.

"Baba, ina za a kai ka da wannan gata haka?"

"Yaro, koma ƙofarka. Sarƙar nan ta waɗanda aikinsu ya ƙare ce."

"Haka ku manya kuke cewa kullum in kun samu abu mai kyau!"

Ya fizge sarƙar ya rataya. Masu dako suka duba alama, suka ɗauke shi. Ana tafe yana ɗaga wa jama'a hannu, yana cewa, "A ba manya hanya!"

Suka sauke shi a injin da ke niƙe tsofaffin furotin. Kafin azahar an ƙera sababbi da gutsattsarinsa, aka tura ɗaya gadin ƙofa.