Jar Ƙasar Tudun Bayan Maƙabarta

Ana gab da magariba, Bu Ngatinem tana sauke shinkafa, sai wani abu ya faɗo kan rufi. Ta ɗauka kwakwa ce. Na biyu ya faɗa cikin tukunya. Curin jar ƙasa ne da danshinsa, alhali ƙauyensu na bakin teku ba shi da komai sai baƙin yashi.

Ta san inda ƙasar ta fito. Mijinta, Pak Wagiman, shi ne shugaban manoman da suka dasa itatuwan cemara, masu ganye kamar allura, layi uku, don su tare iskar gishiri da ke ƙone musu barkono duk shekara. Dashe ba ya kamawa a yashi sai an zuba ƙasa mai nauyi a raminsa. Maimakon a ɗauko daga nesa, sai ya sa aka sare tsohon tudun bayan maƙabarta, wanda ko ciyawa ba a yanka a kansa. Bai tambayi kowa ba. Ya je taro birni sau biyu, ya dawo ya fi kowa sani.

Kwana shida ana jifan, kullum da faɗuwar rana. Ran na bakwai, 'yarsu Wartini ta durƙusa a tsakar gida tana tona yashi da farce, tana leƙa ramin.

"Nduk, 'yata, tashi ki yi alwala," in ji uwar.

Yarinyar ta ɗago kai. Muryar tsoho ce ta fito: "Nan ma babu su."

Aka ɗauko Kiai Mustajab, malamin ƙauyen. Ya zauna kan tabarma ya yi ta karatu har Wartini ta sandare.

"Wane ne kai?" in ji Kiai.

"Maƙwabcinku. Tun kakan mai gidan nan yana yawo tsirara nake kan tudun. An raba min gida rami ɗari huɗu. Matata na wani ramin, 'ya'yana na wani, gishiri yana cinsu."

"Itatuwan sun riga sun kama. Ka yi haƙuri, a tara maka wani tudun."

"Kiai, in na rushe masallacinka na ba ka akurkin kaji, ka karɓa?"

"To ɗauki layi biyu, ka bar wa bayin Allah ɗaya."

Wartini ta juyo ta dubi ubanta.

"Na bar ɗaya. Amma gaban gonar Wagiman ko tsinke kada ya rage. Kuma da hannunsa zai kwaso min ƙasata."

Wagiman ya matso da gwiwa. "Mbah, kakanmu, in iska ta sami ƙofa ɗaya, nan duk za ta taru."

"Na sani. Ko gonar, ko yarinyar."

Ya sunkuyar da kai. Wartini ta yi atishawa uku, ta ɓingire barci.

Kwana tara yana tumɓuke abin da ya dasa, yana karkaɗe saiwa cikin kwando, yana mayar da ƙasar kan tudun. Waɗanda suka taya shi saran tudun, ko ɗaya bai leƙo ba.

Da iskar gabas ta zo, ta bi ta wannan gurbi kamar an nuna mata hanya. Cikin mako guda yashi ya binne barkononsa. Gonakin maƙwabta kuwa suka yi jawur.

Ngatinem da Wartini suka shiga tsinkar barkono a gonar maƙwabciyarsu, Bu Sarijah, aikin yini.

"Ki gaida mana Pak Shugaba," in ji Sarijah tana miƙa musu kwando. "Wallahi bana mun ga amfanin itacen nan nasa."

Ngatinem ta karɓi kwandon, ta duƙa.