Ƙodar da ta Rage

Auta na tsugune tana juya miya sai ta jiyo ƙarar ɓalle magani daga ɗaki. Ta saki ludayi ta ruga, ta tarar da Inna, uwar mijinta, tana zuba masa ƙwaya biyu a tafin hannu.

"Yaya, don Allah kar ka sha," ta ce, ta riƙe hannunsa.

Wata biyar ke nan da aka cire wa mijinta Kafinta ƙodar hagu saboda cutar daji, wato kansa. Ranar sallama Auta ce kaɗai a gaban likita, da kunnenta ta ji gargaɗin: ƙodar da ta rage aikin biyu take yi, a rage gishiri, a riƙa zuwa tes, kuma kada ya kusanci maganin ciwon jiki na kemis. To, kafintoci da wannan ƙwaya hanta da jini ne. Duk shagonsu ba mai ɗaga zarto da safe sai ya watsa biyu.

"Sake shi," in ji Inna. "Yaro na fama da ciwon baya kin hana shi magani, miyarki kuma salam kamar ruwan wanke kwano. Abin da kansar ta bari ke za ki ƙarasa?"

"Inna, likita ne ya ce—"

"Likitan ne ya haifa min shi?"

Auta ta dubi mijinta, mutumin da ya shekara uku yana zarya ƙofar gidansu kafin a ba shi ita. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Bari kawai, Auta. Biyu ba za su kashe ni ba." Ya haɗiye.

Nan zuciya ta ɗebe ta, ta fizge sauran maganin ta watsa a kwata. Kafin la'asar Inna ta sa ta haɗa kaya, shi kuwa gogan abin da ya iya faɗa shi ne, "Je ki huta kwana biyu."

Kwana biyu suka zama sati bakwai. Barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya wucewa. Kullum sai ta kira shi a waya: ƙafa ta kumbura? Fitsari na kumfa? Ya yi dariya ya ce ta zama likitar dole.

Wata safiya ta kasa daurewa, ta je ta tsaya tsallaken shagon. Yana zaune kan benci, abin da bai taɓa yi ba a lokacin aiki. Ya yanke madaurin takalminsa don ƙafar ta shiga.

Ta tsallaka ta durƙusa cikin garin katako, gaban kowa, tana kuka.

"Yaya, in sakina za ka yi ka sake ni gobe. Yau dai mu je asibiti."

Da ya amince, ta wuce wurin Inna, ta sha zagi ta shanye, har tsohuwar ta yarda ta bi su don ta ƙaryata ta.

Likita ya daɗe yana duban sakamakon.

"Ƙodar nan ko rabin aikinta ba ta yi yanzu. Abin da ya lalace ba zai dawo ba, amma za a iya tsare sauran. Da kun ƙara 'yan watanni, sai wankin ƙoda sau uku a sati. Wa ke ba shi maganin da na hana?"

Inna ta buɗe baki za ta amsa, Auta ta riga ta.

"Mu ne, likita," in ji Auta. "Rashin sani ne. Ba za mu ƙara ba."

A barandar asibiti Inna ta zauna a ƙasa, ta kama gefen zanin Auta.

"Da hannuna nake kashe ɗana, na kori mai hana ni. Kuma kika rufa min asiri. 'Yar nan, koma ɗakinki ki tsare mana shi."

Kafinta na gefe yana share hawaye da bayan hannu.

Yau shekara huɗu ke nan, bai taɓa hawa injin wankin ƙoda ba. Masu karatu, ba duk mai ba ka abin da ranka ke so ne ya fi ƙaunarka ba. Wani da kuka zai hana ka, ka tsane shi, ya haƙura ya jira, don dai ka rayu.