Aikin Gidan Aji Uku

“Anti Umaima, ki yi wa Zahra'u afuwa, ba ta gama aikin gida ba. Jiya Sharhabil ya daɗe a gidanmu, hira ta yi daɗi...”

Sau uku na saurari saƙon.

A zauren WhatsApp na iyayen aji uku Safara'u ta saka shi, inda kullum nake tura aikin nahawu da lissafi. Iyaye arba'in sun ji!

Safara'u, mahaifiyar Zahra'u, bazawara ce, maƙwabciyar Sharhabil a Hayin Banki. Shi kuwa Sharhabil, shi ne kafintan da shekara biyu nake rigima da Abbana a kansa. Abba ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga wanda ko wasiƙa bai iya rubutawa ba.

Kishi ya kama ni. Ana tashi daga makaranta na tari Keke Napep, ko jakata ban rufe ba.

Na same shi a shagonsa yana goge ƙofa.

“Hasken idona, lafiya?”

“Kar ka ƙara kira na haka! Me kake nema a gidan Safara'u?”

Ya sunkuyar da kai.

“Wata uku kenan ina zuwa...”

“Wata uku! Ina can ina shan faɗan Abba, kai kana nan kana shan hira?”

“A zaure nake tsayawa, wallahi.”

“Ko a kan katanga ne, me ya kai ka?”

Ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin benci, ya ɗora min littattafai huɗu a hannu.

Na buɗe. Bakwai sau takwas. Ja layi a ƙarƙashin aikatau. Duk aikin da na tura tun farkon zango, da kwanan wata, cikin wani rubutu kamar tafiyar kaza.

“Ba na cikin zaurenku na WhatsApp, ba ni da ɗa a ajinki,” ya ce a hankali. “A wayarta nake kwafa. Lissafin yana kaina, Umaima, rubutun ne ya gagare ni. So nake in rubuta wa Abba wasiƙa da hannuna. Shekaranjiya ta ce tana so na, na ce ina da ke. Jiya ko ƙofar gidan ban taka ba.”

Kunya ta rufe ni, hawaye suka zubo. Amma kishin bai gama sauka ba.

“Ni malama ce, ka tsallake ni ka tafi wurin wata?”

“Kunyarki nake ji...”

Na zaro jan biro na zauna a kan bencin, ƙurar katako duk ta ɓata min hijabi.

“Matso nan, masoyi. Ɗauko takarda. Wasiƙar nan yau za a fara ta, kuma ba zan rubuta maka ko harafi ɗaya ba.”

Kwana tara ya yi yana rubuta ta. Abba ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya dube ni.

“Ki ce ya turo manyansa.”