Muryar Malam Khalilu a Cikin Rumbu

Ranar da Hure ta fita daga takaba, sai da rana ta yi ja matan da suka zo taya ta suka watse. Gidan ya yi shiru. Kaji sun hau kan danga, hayaƙin murhun maƙwabta yana kwance a kan gonakin da aka girbe, ba iska ko ta misali. Hure ta tsaya tsakar gida ta dubi rumbu, sannan ta dubi 'yarta Sakinatu, wadda take koyarwa a firamaren ƙauyen.

"Hau ki ɗauko mini laftof ɗin babanki."

"Inna, ga magariba ta kawo kai. Mu bari sai gobe mana."

"Wata huɗu da kwana goma ina jira. Hau."

To, yadda laftof ya shiga rumbu kuwa, ga shi. Wannan ce shekarar da man fetur ya tashi, kwanon gero ya fi ƙarfin talaka, damina kuma ta zo da ruwa kamar da gayya. Malam Khalilu, mijin Hure, malamin zaure ne a wani ƙauye gabas da Makoda. Da yunwa ta kora ɗalibansa birni neman abin kai wa baki, sai ya zauna shi kaɗai yana ɗaukar karatunsa a laftof ɗin da wani tsohon ɗalibi ya ba shi, littafi bayan littafi, don kada ilmin ya bi shi ƙasa. Ruwan ranar wata Talata ya rushe masa ɗaki a ka. An ciro shi da rai, an ciro laftof ɗin jiƙe sharkaf, gilashin ya tsage. Hure ta taɓa jin cewa waya in ta faɗa ruwa a shinkafa ake tusa ta. Ina shinkafa a wannan shekara? Sai ta tusa shi cikin ƙaiƙayin da ya rage a gindin rumbu, ta mayar da murfi. Kwana uku bayan nan Malam ya cika. Littattafansa duk sun narke a laka, muryarsa kuwa ba ta rage a ko'ina ba sai cikin wannan ƙarfe.

Kowa a ƙasar nan ya san rumbun da ya daɗe a rufe, kuma babu hatsi a ciki, ba a faɗa masa kai tsaye. Ana buɗe murfin da hantsi, a yi sallama, a bar rana ta shiga tukuna. Hure ta sani sarai. Ɗoki ne ya rufe mata ido, kuma ni ban ga laifinta ba.

Sakinatu ta sauko da laftof ɗin rungume a ƙirji. Ƙafarta na taɓa ƙasa dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki, kwaram! Sai na biyu, sai na uku. Hure ta leƙa waje da zagi a bakinta, ta tarar ba kowa, ko akuya. Da ta dawo ta iske Sakinatu zaune a gindin rumbu ta tanƙwashe ƙafa irin zaman maza, idanunta a kafe.

"Sakinatu?"

"Mayar," in ji wata murya mai kauri daga bakin yarinyar. "Mayar da shi inda yake."

Hure ta ja da baya taku ɗaya, wannan gaskiya ne. Amma matar da ta tono mijinta daga laka da hannunta ba ta da sauran wurin ajiye tsoro. Ta ce, "A'uzu billahi. Ba zan mayar ba."

Kwana biyar aka yi a haka. Da rana Sakinatu lafiya lau, sai dai kasala. Da zarar inuwa ta miƙe sai jifa ta fara, a ji ana gunaguni cikin rumbu kamar taron tsofaffi. Hure ta sa aka kira mai babur ya kai laftof ɗin unguwar Bacirawa a Kano wurin Ja'afaru, ɗan yayanta mai shagon gyaran kwamfuta. Babur ya ƙi tashi. Aka sauke laftof ɗin, ya tashi da bugu ɗaya. Aka ɗora, ya mutu. Mai babur ya ce shi yana da iyali, ya ja abinsa. Maƙwabta suka yi ta zuwa suna ba ta baki.

"Haba Hure, ƙarfe ne fa, kuma ya mutu. Ki mayar musu ki huta."

"Ku naku mazan suna ɗaki suna tari kuna ji," in ji ta. "Ni nawa yana cikin ƙarfen nan."

Rana ta shida ta aika aka ɗauko Malam Nababa daga Dawakin Tofa, tsoho mai ruƙiyya, abokin karatun marigayi. Ta kuma buga wa Ja'afaru waya ta ce tunda laftof ya ƙi zuwa shago, to shago ya zo wurin laftof. Suka iso bayan la'asar. Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, ya zuba habbatus-sauda a garwashi, ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya. Ya daɗe yana yi. Can jikin Sakinatu ya ɗauki rawa, wuyanta ya sandare.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Dabo. Musulmi ne ni, kada ka ɗauke ni arne."

"Musulmi yake jifan gidan marayu? Me ka zo nema?"

Muryar ta yi ƙasa. "Shekara talatin ina ɗaukar karatu a wurin Malam Khalilu. A bayan zaure nake zama, bai taɓa kora ta ba. Da ya rasu na rasa inda zan sa kaina, sai na iske rumbu ba kowa, na shiga da iyalina. Muka tarar da muryarsa kwance cikin ƙarfen nan. Ku ba kwa ji sai da wuta, mu muna ji. Muna tsakiyar babin gado aka fizge shi, ko sallama babu."

Malam Nababa ya shafa gemu. Ya juya wajen Hure ya ce a hankali, "Kin ji. An shiga musu ba sallama, wannan kuskure ne."

"Na ji, kuma na tuba ga Allah," in ji Hure.

"To ga sulhu," in ji muryar. "A mayar da ƙarfen rumbu, in saki yarinya yanzun nan. Ko ɗiya, ko ƙarfe. Ta zaɓa."

Nan fa Hure ta miƙe. Ta gyara ɗaurin zane, ta matso har gwiwarta na taɓa ta 'yarta, ta kalli idanun nan da ba na Sakinatu ba.

"In zaɓa? A gidana? 'Yar tawa ce, mijin nawa ne, rumbun ma ni na yaɓe shi da hannuna. Shekara talatin kana shan karatu kyauta, ranar da gini ya danne shi kana ina? Ka ɗaga ko hoge ɗaya? Ɗalibin kirki gaisuwar mutuwa yake zuwa, ba jifa ba. Wallahi ko duwatsun Kano duka za ka juye a kan kwanon nan, ba ka samun ko ɗaya cikin biyun."

Ja'afaru ya ƙanƙame jakar kayan aikinsa. Sai ga hawaye na bin fuskar Sakinatu, muryar kuma ta karye.

"To in bar karatun ke nan, Inna?"

Wannan kalma ta Inna ita ta sassauta mata zuciya, amma ba ta nuna ba. Ta ce, "Malam bai taɓa hana kowa karatu ba, ni ma ba zan hana ba. In an ciro muryar, kullum bayan la'asar za a kunna a zaure. Mai so ya zo ya yi sallama ya zauna. Amma iyakarka zaure. Rumbuna kuma ka kwashe iyalinka, bana da yardar Allah hatsi zan zuba."

Malam Nababa ya sa Dabo ya rantse sau uku da Wanda ya halicci mutum da aljan. Ya rantse. Sakinatu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta, ta buɗe ido tana tambayar me ya tara mutane.

Ja'afaru ya yi bismilla ya kwance bayan laftof ɗin. Ƙaiƙayi ya zubo, da laka busasshiya. Ya ce injin ya riga ya ƙone, ba ya tashi har abada, amma ma'ajiyar da komai yake ciki daban take. Ya zaro wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ya goge, ya haɗa shi da tasa kwamfutar. Suka jira. Abin ya yi ƙara, ya yi shiru, ya sake ƙara. Sai ga sunayen littattafai sun jero, ɗari da wani abu.

"Gwaggo, wanne zan kunna?"

"Na ƙarshe."

Aka ji gyaran murya, sannan bismilla, da muryar nan mai ɗan kaushi. Malam Khalilu ya karanta layi biyu ya fassara. Sai ya tsaya. Aka ji ya ɗaga murya yana kira:

"Hure! Wai kunun nan sai na mutu za a kawo shi?"

Daga nesa, cikin na'urar, wata murya ta amsa a fusace, "Sai ka mutu ɗin!" Malam Khalilu ya yi dariya har da tari, ya ci gaba da karatu.

Ja'afaru ya kai hannu zai kashe, kunya ta kama shi. Hure ta riƙe masa hannu gam, hawaye na zuba har haɓarta.

"Kada ka taɓa. Mayar da shi baya, in sake jin dariyar."