Ƙafafun Cikin Fim Ɗin

"Temirlan, kar ka kunna... don Allah!"

Aizada ta riƙe hannunsa a kan na'urar haska fim. Ɗakin karatun unguwarsu a birnin Bishkek ya cika maƙil, kamar yadda ƙungiyarsu ta masu kallon fim ta saba duk Asabar.

"Rabin raina, Apa ce ta matsa sai ta gani."

Apa, mahaifiyarsa, ta rantse ɗanta ba zai auri mai ɗingishi irin Aizada ba. Begimai take so masa, tauraruwar fim ɗin, wadda yanzu ta kafe kusa da ita tana zuba mata shayi kamar an riga an ɗaura.

Fim ɗin labarin gasar rawar bale ne, wadda ake yi a kan yatsun ƙafa. Fuska ta Begimai ce, amma duk inda aka nuno ƙafafu suna juyi a kan yatsu, na Aizada ne, kafin ta karye a ranar ƙarshe ta ɗaukar fim ɗin. Begimai ta sa aka goge sunan Aizada daga fim ɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Aka ja labule, fim ya fara; a wani juyi har Apa ta tafa. Aizada ta kalli ƙafafunta suna abin da ba za su sake yi ba, ta yi kuka kamar ranta zai fita.

A dokar ƙungiya, babba ke fara magana bayan fim. Apa ta miƙe, idonta jajur.

"Wurin nan da ta cire takalmi, jini ya jiƙe yatsun, ga tabon ƙuna a idon sawu... ya taɓa ni. Begimai, 'yata, garin yaya kika ƙone?"

Begimai ta ajiye butar shayi.

"Kwa... kwalliya ce, Apa."

"Ƙarya ne!" Temirlan ya daka tsawa.

Aizada ta taso tana ɗingishi, kowa na jin jan ƙafarta. Ta zare safa a gaban tsohuwar.

"Tukunyar shayi ce, Apa, ina ƙarama. Karayar kuma a wannan juyin ne da kika tafa wa. Ba ni da wata ƙafar da zan kawo miki..."

Apa ta daɗe tana kallon tabon. Sannan ta kwance farin ɗankwalinta, irin wanda ake yafa wa amarya, ta ɗora a kan Aizada.

"Zauna, surukata. Kin tsaya a kan ƙafar nan ya isa haka."