Makirfon da Ke Wuyan Rigata

"Ba zan karanta ba!"

Na ajiye takardar a kan teburin ƙaramin ɗakin da ke bayan zauren taro. Ta ƙasan ƙofa ina jiyo hayaniyar 'yan jarida, ana jan kujeru, ana gyara kyamarori.

Manaja ya tura ƙofar ya jingina da ita.

"Autata... don Allah ki rage murya."

"Yau ni ba Autarka ba ce, Yallaɓai. Ma'aikaciyarka ce, kuma na ce ba zan karanta ba."

Ya san ni sarai. Duk ranar da na kira shi Yallaɓai, to wasa ya ƙare.

Shi ne ɗan mai kamfanin man shafawar jarirai da nake koyon aiki a ofishinsu na hulɗa da jama'a, ina shekarar ƙarshe a jami'a. Shi ne kuma mutumin da nake so har ina jin kunyar kaina, wanda maganar aurenmu ta isa gaban manya da ƙyar da jiɓin goshi. Gidansu suna ganin ban kai ba. Gidanmu kuwa Baba ba ya ƙaunar karatun da nake yi, balle wurin da nake yin aikin.

"Aikin wanke wa masu kuɗi dattinsu," haka yake cewa. "Su ɓata, ke ki fito ki yi wa mutane daɗin baki."

Nakan yi ta kare kaina har wuyana ya bushe. Tun ina ajin farko na shiga reshen ɗalibai na ƙungiyar masu wannan sana'a, na tsaya gaban manyanta na ɗaga hannu na yi alkawarin ba zan gaya wa jama'a abin da na san ƙarya ne ba. Ranar aka maƙala mini ɗan bajon ƙungiya a ƙirji. Na dawo gida ina ta iyayi da shi, Baba ko kallo bai ishe shi ba.

To ga shi yau maganarsa tana neman tabbata.

Kwanaki ke nan iyaye mata suna ɗora hotunan jariransu a waya, jiki duk ƙuraje, fata ta yi ja. Takardar da aka ba ni ta ce man da ya jawo haka jabu ne, ba daga kamfaninmu ya fito ba. Shugaban ofishinmu da ya karanta ta da safe, sai ciwon kai ya kama shi nan take, ya tafi gida ya kashe waya. Tsohon hannu ne, ya san inda ake zamewa.

Sakatariya ce ta kawo shawarar a tura ni. 'Yar ƙanwar mai kamfani ce, ita aka so a haɗa da Manaja kafin in faɗo musu daga sama.

"Kawu, a ba yarinyar nan mana," ta ce, murya kamar zuma. "Fuskarta ta marasa laifi ce, ga bajon ƙungiyarsu a ƙirji. Wa zai ƙaryata ta?"

Ita da kanta ta maƙala mini makirfo a wuyan riga, ta soke ɗan akwatinsa a bayan ƙuguna, har da gyara mini mayafi.

"A kashe yake, ƙanwata. Sai kin hau mumbari za a kunna."

Ƙanwata! Ita da ko gaisuwata ba ta amsawa. Na gane tarkon, ko in ce na zaci na gane shi duka: in na karanta, ƙungiya ta kore ni, in na ƙi, gidansu su kore ni.

"Yau kawai, Auta," Manaja ya ce yana matsowa. "Mu samu mu numfasa. Kafin mako ya zagayo za mu janye kayan daga kasuwa a hankali, ba wanda zai sani."

"Kafin mako ya zagayo jarirai nawa za a shafa wa?"

Ya kawar da kai.

"Ka manta ɗan Yaya?" na ce. "Ni na ɗauko kwalbar daga rumbun kamfanin nan da hannuna, na kai mata tsaraba ina alfahari! Jiya yaron nan ko riga ba a iya sa masa ba. Sai in fita in kalli kyamara in ce jabu ne? Yaya tana kallo?"

"Na sani!" Ya dafe kansa da hannu biyu. "Na san namu ne, Auta! Ni na ga sakamakon gwajin, haɗin watan jiya ne ya lalace. Amma Abba ya rantse, in kika ba shi kunya yau, babu ni babu ke. Ya kike so in yi? In rasa ki?"

Ina son mutumin nan, Allah ya sani. Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ji wani abu da ya fi tsawarsa ban tsoro.

Shiru.

Babu jan kujera, babu tari, babu hayaniya. Zauren da ke cike da 'yan jarida ya yi tsit.

Na juya a hankali na kalli madubin da ke jikin bango. A bayan ƙuguna wata 'yar koriyar wuta tana ci.

"Innalillahi..."

Na ji kalmar ta fita daga bakina, na kuma ji ta dawo mini ta lasifikar zaure.

Darasin farko da Malama, uwar reshenmu na ɗalibai, ta koya mana ke nan: duk makirfon da aka maƙala miki, ki ɗauka a kunne yake, ko da wanda ya maƙala ya rantse. Na sha maimaita wa sababbin shiga. Ga shi ni na faɗa, kuma Malamar tana zaune a zauren, don ni na gayyato ta ta ga ɗalibarta a bakin aiki.

Na damƙe makirfon a tafin hannuna, amma aikin gama ya gama.

Aka banko ƙofa. Mai kamfani ne, idanunsa jajir, Sakatariya a bayansa. Fuskarta ta yi fari fat. So ta yi a ji ni kaɗai ina zagin kamfani, ba ta kawo a ranta ɗan kawun nata zai buɗe baki ba. Amma nan da nan ta samo mafita.

"Kawu, ka gani ko? Da gangan ta kunna! Ta ja shi da magana don ta tona mana asiri, ta yi suna a wajen ƙungiyarsu!"

Manaja ya juyo ya kalle ni.

"Auta... ke kika kunna?"

Da ma marina ya yi. Duk abin da ya faru a ranar, babu wanda ya yi mini ciwo kamar tambayar nan.

"In har sai na rantse maka," na ce a hankali, "to rantsuwar ba ta da amfani."

Ya sunkuyar da kai. Mahaifinsa ya nuna shi da yatsa, yana magana ƙasa-ƙasa, haƙora a cije.

"Ka fita ka ce musu yarinya ce mai koyon aiki, ta rikita ka, mun sallame ta. Ka karanta takardar da kanka. Yanzu!"

Na cire makirfon da akwatinsa, na kamo hannun Manaja na dunƙule masa su a ciki. Hawaye na zuba, ban share ba.

"Har yanzu a kunne yake. Da ka buɗe hannunka, duk abin da ka faɗa kowa zai ji. Ni dai na faɗi nawa."

Ya daɗe yana kallon hannun nasa. Ni kuwa ina tsaye ina jiran in ji ko da miji zan fita daga ɗakin nan, ko da bajo kaɗai.

Ya ɗago.

"A wajenku... in abu ya ɓaci haka, me ake yi?"

"Ka fara da iyayen yaran, ba da kamfani ba. Ka faɗi abin da ya faru. Ka ba da haƙuri ba tare da 'amma' ba. Sannan ka faɗi abin da za ka yi yau, ba gobe ba."

"Kai!" mahaifinsa ya daka tsawa. "In ka taka zauren nan da maganarta, ka bar kujerarka!"

"Ka yafe mini, Abba."

Ya buɗe hannunsa, ya maƙala makirfon a rigarsa a karkace, don bai iya ba. Ban san lokacin da na kai hannu na gyara masa ba.

"Ki tsaya a bayana, masoyiya," ya ce.

Zauren duka ya ji wannan ma.

Ya tsaya gaban kyamarori, gumi na tsatstsafo masa. Ya ce man nasu ne, ba jabu ba. Ya roƙi duk uwar da ke da kwalba ta daina shafawa daga wannan lokacin, ya ce kamfani zai ɗauki nauyin maganin kowane yaro. Aka yi masa ca da tambayoyi, wasu masu zafi kamar garwashi. Wanda ya sani ya amsa, wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, zai bincika.

Da aka watse, Malama ta tare ni a bakin ƙofa, ta kama kunnena a gaban mutane.

"Me na koya miki game da makirfo?"

"Na yi kuskure, Malama..."

"Kin yi." Sai ta saki kunnen, ta daidaita mini bajon da ya karkace. "Amma babban darasin kin riƙe shi."

Ba a wanye lafiya ba. Mai kamfani ya cika alkawarinsa, ya sauke ɗansa daga kujera, ya ce maganar aure ta mutu. Ni ma aka nuna mini ƙofa. Sakatariya kuwa, mai kula da na'urori ya faɗi cewa ita ya ga ta kunna makirfon, aka maida ita gida ba hayaniya. Na yi kuka a watannin nan har Yaya ta gaji da rarrashina. Manaja yana bin asibitoci yana duba yara, ba ofis ba mota, ya rame ya yi baƙi.

Wata safiya na tarar da Baba a tsakar gida da wayar Yaya, yana maimaita bidiyon taron, ɗan Yaya a cinyarsa, fatarsa ta warke sumul.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Wannan shi ne aikin naku?"

"Shi ne, Baba."

Ya gyara tabarau, ya sake kallon wayar.

"Ki ce wa yaron nan ina nemansa."

Baba da kansa ya taka har wajen mai kamfani. Ban san me suka tattauna ba, amma daga nan aka sa mana rana. Na dai san a lokacin iyaye mata sun fara komawa sayen kayansu, suna cewa ai waɗannan ko sun yi kuskure za su faɗa. Surukina bai taɓa ba ni haƙuri ba, kuma ban jira ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yarinyar nan taurin kai gare ta." Ɗansa ya ce mini in riƙe da kyau, don shi kansa bai taɓa samun yabon da ya kai wannan ba.

Ranar aurenmu, da mutane suka ragu, ya matso kusa da ni. Maimakon ya yi magana, sai ya fara leƙa wuyan rigata, ya leƙa bayan ƙuguna.

"Me kake nema, Nawan?"

"Koriyar wuta. Akwai maganar da nake so in gaya miki."

Na yi dariya har da hawaye.

"Ka ɗauka a kunne yake."

"To su ji," ya ce, ya riƙe hannuna gam. "Na taɓa tambayarki ko ke kika kunna. Ki yafe mini, Autata. Ba zan sake ba."